Sittin da Biyar ɗin Golan Fagam

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar shago ina duba littafina, sai na ji ɗaya daga cikinku yana cewa wai aikin Baba Habu ai ba aiki ba ne, lamba ce kawai ake cusa wa na'ura, ko ɗan firamare zai iya. Na ji sarai. Ban tanka ba ne don da na tanka a lokacin, da maganar ba ta yi daɗi ba. Yau tunda babu wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, kowa ya ajiye wayarsa ya saurara. Wanda ya faɗi maganar ya san kansa, ga shi can yana sosa ƙeya.

Ga wanda bai sani ba, sana'ata ita ce shigar da 'yan ƙwallon garinmu cikin gem, wato wasan ƙwallo na na'ura da ake bugawa a talabijin. Na'urar tana zuwa da 'yan wasan Turai, ni kuma in cire su in zuba kulob-kulob na Birnin Kudu da Kangire da Gwaram, kowa da sunansa da tsawonsa da lambar rigarsa. Wannan kam gaskiyarku, kowa zai iya. Inda aikin yake shi ne maki. Sai ka gaya wa na'ura gudun mutum nawa ne, ƙarfin ƙafarsa nawa ne, numfashinsa yana kai shi ƙarshen wasa ko yana tsayawa ya dafa gwiwa. Na'ura ba ta san Ɗanlami ba, ba ta san ubansa ba, lambar da na ba ta kawai ta sani. Kuma kafin ka rubuta lamba ko ɗaya, dole ka zaɓi ma'aunin da za ka yi awo da shi. A nan mutane suke faɗawa rami, ni ma a nan na faɗa.

Na koyi aikin a wurin Malam Tijjani, Allah ya jiƙansa, mai gyaran talabijin a bakin tasha. Shi ya fara buɗe gidan gem a unguwarmu, na'ura biyu da benci uku. Yakan je Kano ya sayo faifai na hannu a dunƙule, ba a zaɓe, abin da ka tarar a ciki rabonka. Wata rana cikin ƙunshin sai ga wani faifai da hoton mutum ya ɗaga kulki kamar zai kashe maciji. Muka sa. Ashe wasan Amurkawa ne da suke kira besbol: wani ya jefo 'yar ƙaramar ƙwallo, wani ya make ta da sanda, sai a kama gudu ana zagaya kusurwa huɗu. Masu wasa suka kalla na ɗan lokaci suka ce don Allah a cire musu wannan shirmen a sa ƙwallo. Ni ma abin da na ce ke nan. Maigida ya cire, amma bai jefar da faifan ba.

Ba wasan ne ya ɗauki hankalinsa ba. Har ya koma ga Allah bai gane dalilin da ya sa wani lokaci ake gudu wani lokaci a tsaya ba. Wani shafi ne a ciki da yake tambayarka yadda kake so a nuna maka ƙarfin 'yan wasa: daga ɗaya zuwa biyar, ko ɗaya zuwa goma, ko ɗaya zuwa ɗari, ko ashirin zuwa tamanin. Da hantsi, kafin mutane su taru, sai ya zauna da ƙamus a cinya ya riƙe ɗan wasa guda, yana canza ma'aunin yana kallo. A na biyar, rabin kulob duk uku-uku ne, ba ka gane gwani da ɗan cike gurbi. A na ɗari kuwa wannan saba'in da uku, wancan saba'in da huɗu.

Ya ce, "Kai Habu, zo nan. Wane ido ne ya ga bambancin saba'in da uku da saba'in da huɗu?"

Na ce, "Na na'ura, Maigida."

Ya ce, "To kai na'ura ce? Kai da za ka tsaya a bakin fili rana tana dukanka, awaki suna ratsa wasa?"

Na ashirin zuwa tamanin ɗin ne ya kwanta masa, saboda biyar-biyar yake tafiya, kuma tsakiyarsa a tsakiya take. Yadda ya koya mini shi har yau yana kunnena. Ya ce hamsin ba zagi ba ce, ita ce mutumin da ka fi gani a fili. Sittin, ka fara lura da shi. Saba'in, idan ya shigo shago ka ba shi kujera. Tamanin kuwa, in ka rubuta ta sau biyu a rayuwarka, ɗaya ƙarya ce. Daga wasan da ba mu taɓa gani da idonmu ba muka aro mudun da muke auna 'yan ƙwallon Birnin Kudu da shi.

Shekara guda cur na yi ina binsa filin wasa bai bar ni na rubuta lamba ba. Ni ne mai ɗaukar igiya. Doguwar igiya ce mai ƙulli a kowane taku goma, mu shimfiɗa ta a gefen fili, ɗan wasa ya ruga, Maigida ya danna agogo. Kayan aikin ke nan: igiya, agogo, kujerar roba, littafi mai bangon kwali, da fensir. Fensir fa, ba biro ba. Biro ba ya taɓa littafin sai an kalli mutum a wasa uku, a fili daban-daban, don wanda yake tashi kamar barewa a kan tauri yana iya zama jaki a cikin yashi. Ku da kuke zaune a kan benci kuna yanke wa mutum hukunci daga bidiyon waya, wa ya taɓa riƙe igiya a cikinku?

Aikina na farko wani Ɗanjuma ne, ɗan gaban wani kulob na Kangire. Na je ni kaɗai, ya ci uku a gabana, na dawo ina rawar jiki na rubuta masa saba'in da biyar. Maigida ya duba, ya ɗauki abin goge fensir ya miƙo mini. Ya ce wa ke cikin raga? Na ce ban lura ba. Ya ce to koma ka tambayo. Na hau keke na koma Kangire, aka ce ai golansu ya tafi biki, wani mai sayar da rake aka roƙa ya tsaya. Sati biyu bayan nan muka kalli Ɗanjuma a gaban 'yan baya na gaske, ko ƙwallon bai samu ya taɓa ba. Arba'in da biyar ya samu, kuma ita ce daidai da shi. Maigida bai yi mini faɗa ba, sai dai wata guda yana kirana Saba'in da Biyar a gaban mutane.

In kuna son sanin amfanin wannan wahala, ku zuba wa kowa casa'in ku gani. Mun taɓa gwadawa don mu nuna wa masu gardama. Kowa ya zama doki, ƙwallo daga tsakiyar fili sai raga, gurgu da mai ƙafa duk gudu ɗaya. Wasan ba ya kama da na kowa. Amma da muka mayar da makinmu, benci ya ɓarke da dariya, ana cewa wallahi haka Sale yake juyawa kamar tirela, wallahi haka Audu yake ɓarar da ƙwallo shi da raga. Abin da mutane suke zuwa nema ke nan, su ga filinsu a cikin talabijin.

Sai dai kowa yana son ganin gaskiyar maƙwabcinsa ne, ba tasa ba. Akwai Garba mahauci, ɗan bayan kulob ɗin 'yan kasuwa, mutum mai tumbi. Na ba shi saba'in a ƙarfi, don in ya tsaya a gabanka sai dai ka zagaya. Bai ga wannan ba, talatin ɗin gudu ya gani. Ya zo da balangu a takarda, mai zafi, da yaji da albasa, ya ajiye a gabana ya ce, "Malam Habu, a duba lamarin nan mana, yara suna yi mini dariya a gida." Na ce igiya tana nan, mu je. Muka je, ya ruga, bai kai ƙulli na huɗu ba ya zauna a ƙasa. Naman dai na ci, talatin ɗinsa tana nan. Irin wannan kullum ne. Wani ya zo da wansa, wani da rantsuwa, wani ya ce ranar da na kalle shi zazzaɓi yake yi. Abin mamaki, duk garin nan babu wanda na taɓa kallo yana da lafiya.

Bayan rasuwar Maigida shagon ya dawo hannuna, aikin ya bunƙasa har labari ya kai Gwaram. A can akwai wani Bala da ya buɗe nasa gidan gem, shi ma yana ba da maki, amma a ma'aunin ɗari, kuma bai taɓa tashi daga kan kujerarsa ya je fili ba. Ka gaishe shi da kyau, tamanin da biyar. Ka saya masa lemo, casa'in. Kowa yana sonsa, wasansa kuwa ba ya kalluwa. Shi ya sa Koci Isyaku, wanda yake haɗa gasar kulob-kulob na yankin, ya hau mota ya zo har nan ya ce ni yake so in auna masa kulob takwas a zuba su a na'ura. Wannan ita ce muguwar shekarata, ko da yake da daɗi ta fara.

Wata biyu na yi ina zirga-zirga tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, igiya a jaka, kujera a ɗaure bayan babur. A wasa na uku na fara ganin Nafi'u, golan kulob ɗin Fagam, dogo siriri, shekarunsa ba su wuce sha tara ba, ba shi da safar hannu ma. Aka yi bugun kwana, mutum shida suka tashi, sai na ga hannu biyu sun fito ta samansu sun ɗauke ƙwallon kamar an ɗauki ƙwarya daga kan rumbu. Na ce sa'a ce. Aka ba da fenariti, bai motsa ba sai da mai bugu ya ɗaga ƙafa, sannan ya tafi, ya riƙe ta gam a ƙirji. Na tuna da mai rake, na tambaya ko masu bugun 'yan cike gurbi ne, aka ce su ne suka ɗauki kofi bara. Na bi shi wasa biyar maimakon uku, a yashi da tauri, har da ranar da aka yi ruwa fili ya zama taɓo. Aibinsa biyu: in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka rufe ido, kuma ba shi da gudu. To gola ina za shi da gudu?

Na ɗauki biro na rubuta: kamu saba'in, saurin ido saba'in, ƙwallon sama sittin da biyar, gudu arba'in, ƙafa talatin da biyar. A dunƙule, sittin da biyar. Ban taɓa ba wani gola haka ba, kafinsa ko bayansa. Wanda yake binsa a duk kulob takwas ɗin hamsin da biyar ya samu. Na gaya wa Koci Isyaku cewa wannan ba na nan ba ne, a nema masa hanya. Koci ya kira wani saninsa a wani kulob a Kano, aka ce za a yi gwajin sababbin 'yan wasa nan da sati biyu, ranar Asabar, a kawo shi. Matsalar ɗaya ce. Nafi'u ya samu gurbi a kwalejin horar da malamai, mahaifinsa kuma, Malam Sabi'u, tsohon hedimasta ne. Malam Sabi'u ya ce ya yarda ya ɗaga masa karatun shekara guda, amma da sharaɗi: sai ya ga shaida cewa ɗansa fitacce ne da gaske, ba zugar abokai ba. Idan tsaka-tsaki ne, to makaranta.

A nan na yi wautar. Maigida bai taɓa liƙa maki a bango ba. A littafi yake, in kana son naka ka zauna ya buɗe maka, ya yi maka bayani da baki. Amma Koci ya ce a liƙa don kowa ya gani, kada a ce an yi son kai. Na ce to. Na kwafe kowane kulob a takardarsa, lambobi tsirara, babu ko layi ɗaya na bayani, na manna su a bangon shagon da muke ajiye na'urar gasar, ranar kasuwar Gwaram. A tsallaken titi kuma ga takardun Bala a nasa bangon, casa'in-casa'in suna walƙiya. Ko a jikina. Ni a ganina duk duniya ta san hamsin ce tsakiya.

Wajen azahar sai ga wani dattijo da farar riga da tabarau, biro biyu a aljihu, ya tsaya gaban takardar Fagam. Ya daɗe yana bi da yatsa. Ya tsallaka wajen Bala ya duba, ya dawo.

Ya ce, "Salamu alaikum. Kai ne mai wannan sakamakon?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Ni ne mahaifin Nafi'u. Na ga ya faɗi darasi ɗaya, ya tsallake ɗaya da ƙyar."

Na ce, "Wane darasi kuma, Baba?"

Ya nuna talatin da biyar, ya nuna arba'in. Ya ce shekara talatin yana duba takardun jarrabawa, ya san abin da talatin da biyar take nufi, da jan biro ake rubuta ta. Sittin da biyar kuwa ba laifi, ɗalibi ne mai ƙoƙari, amma ba wanda za a ajiye karatu dominsa ba. Ga shi a can tsallake wani golan Gwaram ya ci casa'in da ɗaya. Na fara cewa ai ma'aunin ba ɗaya ba ne, namu a tamanin yake tsayawa. Ya ce jarrabawar da ba ta kai ɗari ba, wace irin jarrabawa ce? Ya sa hannu a hankali ya ɓamɓare takardar, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya ce ba a shanya faɗuwar ɗansa a kasuwa. Ya yi mini sallama cikin mutunci ya tafi.

Kai! Wallahi ji na yi kamar in kama bangon nan in girgiza. Golan da ya ci casa'in da ɗayan nan na san shi, arba'in na ba shi, ƙwallo tana bi ta tsakanin ƙafafunsa yana neman ta a sama. Kuma ba dattijon kaɗai ba ne. Kafin la'asar 'yan wasa sun cika wurin, wannan yana cewa na kayar da shi, wancan yana cewa ɗan Birnin Kudu ya zo ya ci mutuncin Gwaram. Mutumin da na ba hamsin da biyar, wanda ya kamata ya yi murna, shi ya fara yaga takarda. Duk wanda ya taɓa zama a aji ya karanta lambobina da idon makaranta, kuma duk garin babu wanda bai taɓa zama a aji ba sai awakin.

Washegari Nafi'u ya same ni, idonsa ja. Ya ce, "Yaya Habu, Baba ya ce in haɗa kayan makaranta. Don Allah ka zo ka yi masa bayani, ni ba ya jin tawa." Muka hau babur har Fagam. Malam Sabi'u ya karɓe mu a zaure, aka kawo fura. Na yi bayani iyakar iyawata. Na kawo labarin Maigida, na kawo labarin faifan besbol, wanda da na sani ban kawo ba, don da ya ji wasan sanda na Amurkawa sai ya cire tabarau ya dube ni. Na ce masa mudun gero da kwanon awo duk awo ne amma ba a haɗa lissafinsu. Na ce masa da bakina ɗansa ya fi kowa.

Ya ce, "Malam Habu, na ji ka. Amma na san wannan zaman. Malami ya rubuta sakamako, uba ya ɓata rai, sai malami ya biyo shi gida da daɗin baki. Abin da mutum ya rubuta kafin ya san za a yi fushi, shi ne ra'ayinsa."

Na fito raina a ɓace, amma ban haƙura ba. Na dawo Birnin Kudu na zauna na yi abin da ban taɓa yi ba, na juya makin Nafi'u zuwa ma'aunin ɗari. Ba ƙari na yi masa ba, Allah ne shaidata. Na jera gololin yankin duka daga na ƙasa zuwa na sama, na ba kowa gurbinsa a cikin ɗari, na Nafi'u ya faɗa a casa'in da 'yan kai. Na rubuta da kyau a sabuwar takarda, ranar Alhamis na sake ɗaukar hanyar Fagam, saura kwana biyu mota ta tashi. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya zaro tsohuwar daga aljihu ya ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. Sai na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Ranar kasuwa sittin da biyar, yau casa'in da biyu. Wasa nawa ya buga a tsakani?"

Na ce, "Bai buga ba, Baba, ma'aunin ne..."

Ya ce, "An canza maki bayan an liƙa sakamako. Malam Habu, a kan wannan na taɓa sa aka ɗauke malami daga makarantata, kuma ɗan ƙanwata ne. Tashi ka tafi da takardarka, kada mu ɓata."

Kun ji inda na tsinci kaina. Na faɗi gaskiya a ma'aunina, an ce faɗuwa ce. Na faɗe ta a ma'auninsa, an ce maguɗi ne. Kuma abin haushin, a inda yake tsaye mutumin bai yi kuskure ba. Koci Isyaku ya je, limamin unguwarsu ya sa baki, duk a banza. Ranar Asabar da safe motar Kano ta tashi daga tashar Gwaram da 'yan wasa uku, har da mai casa'in da ɗaya, wanda aka sallamo tun kafin azahar. Nafi'u yana gida yana ɗaure katifa. Ni kuwa aka ce kada in sake taka filin Gwaram da igiyata, kuma na fi shekara ban taka ba. Wannan bai dame ni ba kamar yadda kujerar motar nan da ta tafi babu kowa ta dame ni.

Ban ce da ya je da an ɗauke shi ba. Ban sani ba, kuma babu wanda ya sani, abin da yake ci mini rai ke nan. Ya yi karatunsa, ya zama malamin firamare a can wajensu, yana duba takardun yara da jan biro kamar ubansa. Yakan tsaya a raga in malamai suna wasa da ma'aikatan asibiti, an ce har yanzu ba a cika cinsa ba. Bai taɓa yi mini maganar ba ko sau ɗaya. In mun haɗu sai ya rusuna ya ce Yaya Habu ina gajiya, ni kuwa da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tun daga shekarar ban sake liƙa lamba tsirara ba. Layin nan da kuke gani a saman kowace takarda, wanda kuke cewa Baba Habu ya cika surutu, mai cewa hamsin ita ce tsakiya, sittin gwani ne, da 'yar maganar da nake rubutawa a gaban sunan kowa, daga nan suka samo asali.

Bara aka yi wa Nafi'u haihuwa, ya aiko mini, na je suna Fagam. Bayan an yi addu'a an fara watsewa, aka ce Malam Sabi'u yana kirana. Ya tsufa sosai, yana zaune a zauren nan dai, a jingine da bango. Muka gaisa. Ya sa hannu a aljihu ya zaro wata takarda da ta yi laushi, ninki huɗu, har ta fara rabewa a kan ninkin. Rubutuna ne. Ya ce tun da ya yi ritaya ba ya rasa abin tunani, kuma wannan takardar ta fi kowace damunsa, don ita kaɗai ce sakamakon da ya taɓa karantawa bai tabbata ya gane ba.

Ya ce, "Yanzu babu abin da za ka samu, babu abin da zan hana. Tsakaninka da Allah, yaya yaron nan yake a lokacin?"

Na ce, "Baba, na gaya maka tun a wancan zaman."

Ya ce, "Da baki ka gaya mini. Ungo." Ya zaro biro daga aljihu, baƙin, ba jan ba. "Rubuta a ƙasa, da Hausa."

Na ɗora takardar a gwiwa na rubuta: Ban taɓa ganin golan da ya kai shi ba. Na sa hannu. Ya gyara tabarau ya karanta, ya sake karantawa, leɓensa yana motsi. Sannan ya ninke ta yadda take.

Ya ce, "Da wannan layin ka liƙa ranar kasuwa, da ni zan kai shi tasha da kaina."

Ban san Nafi'u yana tsaye a bakin ƙofa ba sai da na juya. Faranti ne a hannunsa, da goro da dabino. Ya shigo ya durƙusa ya ajiye a tsakaninmu, ya ce ko a kawo mana ruwa.